JAMI'A TA ZO ƘOFAR GIDA, SAURA SHIGA

A zamanin En'e, yaron Argungu ko Birnin Kebbi in ya gama elementare, galibi sai ya bar iyayensa ya nufi Midil ta Sakkwato, kuma ƙalilan ne ƙwarai suka kai Kwalejin Katsina wadda aka buɗe a 1922. Ko da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, da ta Sakkwato a 1975, ɗan talaka bai huta da kuɗin mota da na guzuri ba.

Yau al'amari ya sake. An yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991, ta kafa jami'arta ta kimiyya da fasaha a Aliero a 2006. A 2013 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Birnin Kebbi, tare da ta Gusau da ta Gashuwa, don kada wata jiha ta rasa jami'ar Tarayya. Manufar a fili take, watau ɗan manomin shinkafa na fadamar Rima da ɗan masuncin Argungu su sami ilmi mai zurfi ba tare da uba ya sayar da gona ba.

Amma fa kusa ba ita ce shiga ba. Jami'a ba ta karɓar kowa sai wanda ya ci jarrabawa, jarrabawa kuwa tun daga aji ɗaya ake cinta ko a faɗi. Yaron da ya gama firamare bai iya karatu da lissafi ba, ko a bayan ɗakinsu aka gina jami'a, sai dai ya ga katanga. Haka yarinyar da aka cire daga aji tana tsakiyar karatu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka muna kira ga malaman makaranta, da masu koyon malanta a Kwalejin Adamu Augie ta Argungu, su sani mabuɗin jami'a a hannunsu yake. Akawunan ƙananan hukumomi kuma, magadan En'e, kada su bar takardar albashin malami ko ta tallafin ɗalibi ta kwana a tebur.

Ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya karantar a cikinta, a Gwandu, ba baƙuwar ilmi ba ce. Allah ya sa 'ya'yanmu su cika azuzuwan nan, amin.