Safar hannu ba ragwanci ba ce

Kwanan baya na je duba wani ajin yaƙi da jahilci a karkarar Madarunfa. Na tarar da wani magidanci ya kasa riƙe alli. Ya komo daga cin rani a Maradi, inda yake lebura wurin gini. Bakin kwanon rufi ne ya tsarge masa tafin hannu. Ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da aiki, har ciwon ya yi ruwa. Kwana 20 bai samu ko dala ba, ga iyali suna jira.

Na tambaye shi abin da ya hana shi sa safar hannu. Ya yi dariya, ya ce: "Mushe, sai abokan aiki su ce ni rago ne."

Ƴan uwa, wannan magana ban yarda da ita ba. Mai shiga ƙaya yana sa takalmi, kuma ba wanda ke ce masa rago. To, don mi za a bar hannu tsirara gaban ƙarfen gini da ƙusa da bulo? Safa ta fata mai kauri tana tare yanka da kanta da suka. Ƙaramin rauni ma ba abin renawa ba ne. Ta nan ciwon tetanos ke shiga, wanda ke sandarar da jiki, ya ɗaure muƙamuƙi. Ƙwayoyinsa suna cikin ƙasa da kashin dabbobi. Wanda ya ji rauni ya wanke shi da ruwa da sabulu, ya je likita a duba ko yana bukatar allura.

Amma safar fata ba ta kowane aiki ba ce. Fata tana shan ruwa. In ta jiƙe da kwaɓaɓɓen siminti, sai ta riƙe shi jikin hannu, ya yi ta ci. Haka take riƙe maganin ƙwari na feshin wake. Waɗannan ayyuka biyu safar roba suke so. Mai aiki da injin niƙa kuwa, kada ya kusanci bel da safa, don injin yana iya kama ta, ya ja hannun duka.

Wa zai saya? A ganina mai aikin ne. Shi ke kawo shebur da baro, sai ya haɗa da safa. Kuɗin yinin lebura abinci ne.

Abin da ke ba ni mamaki, ƙasarmu ƙasar fata ce. Fatar jar akuyar Maradi ta yi suna har Turai, ga majema da dukawa a Damagaram. Wanda ya iya ɗinka jaka da kube ba zai kasa ɗinka safa ba. Na kai wa wani baduku tsohuwar safa, ya kwance ta, ya fidda zubinta. Ya ce in komo ran kasuwa.