Kafin Ka Ɗauki Alƙalami, Ka Zana Hanya

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu muna da littafin rubutu a ƙarƙashin katifa wanda muka fara labari a ciki, muka kai shafi na biyar, sai tunani ya ƙafe. Wasu kan ce ba su da baiwa. Ni a ganina ba baiwa ce ta gaza ba, shiri ne babu. Mai gini ba ya aza tubali sai ya auna fili.

Mu da ke Zariya ba mu da hujjar raina wannan sana'a. A 1933 Hukumar Talifi da ke nan garin, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai cikin Hausa. A wannan zamani ne aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi na John Tafida da East. In muka duba su da kyau, za mu ga abubuwa huɗu.

Na farko, jigo, wato abin da labarin ke son faɗa. Jiki Magayi ya tsaya kan ramuwar gayya: Abubakar ya rasa Zainab ga mai kuɗi, ya ƙudura ɗaukar fansa, kuma masifar ta ci har wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. In ba ka iya faɗin jigonka a jimla guda, to, ba ka tashi rubutu ba tukuna.

Na biyu, taurari. Kowane tauraro ya zama yana neman wani abu, kuma akwai mai tare masa hanya. Cire Malam Zurƙe daga Ruwan Bagaja ka ga yadda tafiyar Alhaji za ta yi lami.

Na uku, zubi. Rubuta mafari, tsakiya da ƙarshe a takarda guda tun kafin ka fara. Kowane abu ya haifi na gabansa, kada ka jefo hatsarin mota don kawai ka rasa yadda za ka rabu da wani.

Na huɗu, wuri. A nan muka fi yin kuskure. Ɗalibin da bai taɓa wuce Kaduna ba sai ya kai labarinsa Landan, ko ya kwaso shi daga fim ɗin Indiya. Me ya samu kasuwar Sabon Gari, da tashar jirgin ƙasa, da bakin Kubanni, da ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru? Ka san ƙanshinsu, ka san hayaniyarsu, ka san yadda Bahaushe da Ibo da Bayarabe ke ciniki a rumfa guda. Wannan arziki ne da ba a arowa.

Wani zai ce shiri yana kashe daɗin ƙirƙira. Ban yarda ba. Shiri ba sarƙa ba ne. In ka ga hanya mafi kyau a tsakiyar tafiya, sai ka gyara. Amma wanda bai san inda za shi ba, ta yaya zai gane ya ɓata?

Saboda haka a wannan hutu, ciro littafin nan, ka amsa tambayoyi huɗu: me nake son faɗa, su wa, me ya faru, a ina? Sannan ka ƙarasa shi. Allah ya taimake mu, amin.