Waƙa A Gaba, Kiɗa A Baya

Cikin 'yan shekarun nan wata al'ada ta sami gindin zama a garin Kaduna, watau a tara jama'a da maraice, marubuta waƙoƙi su riƙa hawa dandamali ɗaya bayan ɗaya suna karanta abin da suka tsara, masu kiɗa kuma suna gefe suna raka su da sautin da suka ƙaga domin wannan zama. Manyan bukukuwa biyu sun taimaka ƙwarai wajen fito da abin fili. A shekarar 2017 aka yi Bikin Littattafai da Fasaha na Kaduna karo na farko, wanda a ke kira KABAFEST, a Cibiyar Gusau, bisa jagorancin Lola Shoneyin da taimakon Gwamnatin Jihar Kaduna. A 2021 kuma Malam Sada Malumfashi da abokan aikinsa na ƙungiyar Open Arts suka buɗe nasu bikin, HIBAF, wanda ya sa harshen Hausa a gaba. Ban da waɗannan akwai ƙananan tarurruka da samari da 'yan mata kan shirya da kuɗin aljihunsu, ba tare da jarida ta ji labari ba.

Mu dai muna murna da wannan. Yaron da ya kwana yana neman kalmar da za ta cika masa baiti ya fi wanda ya kwana a bakin titi, kuma hanyar tana iya kai mutum nesa, gama Maryam Bukar Hassan, wadda ta yi suna da irin wannan karatun waƙa a gaban jama'a, a 2025 Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa ta mai kira ga zaman lafiya. Amma fa akwai wani abu da ya ke damunmu game da waƙoƙin Hausa a irin wannan zama, kuma tun da ya ke gyaransa yana hannun malaman makaranta fiye da kowa, ya kamata mu faɗe shi a nan.

Abin da a kan gani sau da yawa shi ne, mai waƙa ya tsaya da takarda ko waya a hannu, ya karanta baitocinsa tiryan-tiryan kamar akawu yana karanta sanarwar haraji, a bayansa kuwa wani saurayi yana danna fiyano yadda ya ga dama, ba ruwansa da inda ɗango ya fara ko inda ya tsaya. Hanyar jirgi daban, ta mota daban. Sa'an nan a ƙure lasifika har wanda ke zaune a benci na baya ba ya tsintar kalma ɗaya cikin biyar. A ƙare a yi tafi a watse, in ka tambayi mutum me aka ce, sai ya ce maka ai kiɗan ya yi daɗi. Waƙoƙin Ingilishi suna da nasu ƙa'idodin, ba mu sa baki a cikinsu ba. Ta Hausa mu ke magana, ita kuwa in aka yi mata haka an yanke mata ƙafa.

Dalili kuwa, Bahaushe bai taɓa rubuta waƙa don a karanta ta da ido kaɗai ba. Kalma ɗaya ce gare mu, waƙa, ko ta makaɗi ce ko ta malami, kuma dukansu biyu rera su a ke yi. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara waƙoƙinta, jajis ɗinta na 'yan taru suka hardace su, suka kai wa matan ƙauyuka da baki. Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda shi kansa makaho ne, ta game ƙasar Hausa a bakin makafi da almajirai masu rera ta ƙofa-ƙofa, mutane da yawa sun san ta da ka alhali ba su taɓa riƙe littafinta ba. Waƙoƙin Malam Sa'adu Zungur da na Malam Mu'azu Haɗeja Kamfanin Gaskiya ya buga su, amma abin da ya shigar da su zukatan mutane shi ne an rera su a aji da zaure. Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962 sai marubuta suka sami babban zaure, wanda duk ya ji muryar Alhaji Aƙilu Aliyu ko ta Abubakar Ladan Zariya yana rera abin da ya rubuta ya san cewa abin da ke cikin littafi rabin waƙar ne.

To, ina sauran rabin ya ke? Yana cikin kari. Kowace gaɓa ta Hausa ko dai mai nauyi ce ko marar nauyi. Gaɓar da ta ƙare da dogon wasali, ko wadda baƙi ya rufe ta, ita ce mai nauyi, wadda ta ƙare da gajeren wasali kuwa marar nauyi ce. Marubucin waƙa yana jera waɗannan bisa wani awo da ba ya sauyawa daga ɗango zuwa ɗango, kuma masana irin su Farfesa M.K.M. Galadanci sun nuna cewa da yawa cikin ma'aunan nan sun yi daidai da na waƙoƙin Larabci, kamar Kamil da Mutaƙarab da Ramal. Shi wannan awo kiɗa ne da kansa, ko ba ganga ba kalangu. Amma ga inda gizo ke saƙa: rubutun Ajami yana nuna dogon wasali da alif ko wawu ko ya, rubutunmu na Boko kuwa ba ya nunawa. Garin da mutane ke zaune ciki da garin da a ke tuƙa tuwo da shi, rubutunsu ɗaya ne a Boko, alhali gaɓar farko ta ɗaya gajera ce, ta ɗayan doguwa. Saboda haka yaron da ya gamu da waƙa a kan takardar Boko kaɗai ba shi da hanyar ganin awonta. Sai ya ji ta a bakin wanda ya iya, shi ma wanda ya iya ɗin a bakin wani ya ji.

Wannan sarƙa ce mu ke tsoron ta katse. Ana sa rubutattun waƙoƙi cikin jarrabawar fita sakandare, yara suna hardace jigo da salo da sunan amsa-amo, suna ci, suna fita, amma akwai da yawa cikinsu da ba su taɓa jin an rera baiti ɗaya na littafin da aka yi musu jarrabawa a kai ba. Ba mu ga laifin yaran ba. Malamin da ya koya musu, shi ma haka aka koya masa. In irin wannan yaro ya girma ya fara rubuta tasa waƙar, sai ya jera layuka masu ƙarewa da harafi ɗaya ya ɗauka ya gama aiki, ɗango ɗaya gajere, na biye da shi ya yi biyunsa. Ranar da ya hau dandamali ba abin da zai iya yi sai karantawa, don abin ba ya reruwa, mai fiyano kuwa ba shi da abin da zai bi, sai ya kama gabansa.

Akwai dattawa da za su ce ai tun asali ma kuskure ne a haɗa rubutacciyar waƙa da kiɗa, gama malaman da suka kafa ta sun raba ta da ganga da gangan, don a bambanta wa'azi da roƙo. Maganarsu tana da tushe, kuma mu ma ba mu goyi bayan a ɗauko waƙar wa'azi ko ta tauhidi a buga mata kalangu ba. Amma katangar ba ta taɓa kai tsawon da a ke zato ba. Masu nazari sun bayyana cewa Imfiraji kanta a kan karin kiɗan caji aka ɗora ta, aka karɓe muryar da jama'a suka riga suka so aka zuba mata magana ta gari. 'Yan Ƙadiriyya a Kano sun daɗe suna rera ƙasidu da bandiri. A namu zamanin kuwa Aminu Ladan Abubakar, watau Alan Waƙa, yana rubuta waƙarsa da awo sa'an nan ya sa mata kiɗan zamani, kuma ba wanda ya ce maganarsa ta ɓace a ciki. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Aliyu Namangi digirin girmamawa, ta kuma ba Alhaji Mamman Shata a 1988, ba ta ce ɗaya ɗan halas ne ɗaya agola ba. Waƙar da saurayi ya rubuta jiya a kan tsadar abinci ko rashin aikin yi ko kewar mahaifiya, ba mu ga abin da zai hana a yi mata kiɗa ba, muddin an yi shi a kanta.

A kanta, mu ka ce. Ma'anar sabon kiɗa a irin wannan zama ita ce makaɗi ya karɓi waƙar tun da sauran kwanaki, ya zauna da mai ita, ya sa shi ya rera ta sau uku ko huɗu, ya ƙirga inda nauyi ya ke faɗuwa, daga nan ya fitar da kiɗansa. In ɗango ya karye, makaɗi ne zai fara ji, hannunsa zai yi tuntuɓe, sai ya ce malam, a nan akwai gaɓar da ta yi yawa. Ta haka marubuci ya sami mai gyara wanda bai karanta nahawu ba amma kunnensa ba ya ƙarya. Kayan kiɗanmu na gida kuwa an yi su ne don su yi wa murya hidima. Kalangu yana hawa yana sauka yadda maganar Hausa ke yi, da matsa igiyoyinsa a hammata. Ɗan Maraya Jos ya cika manyan ɗakunan taro da kuntigi mai tsarkiya ɗaya, ba a taɓa rasa kalma ɗaya ta bakinsa ba, haka Haruna Uji da gurminsa. Ba mu hana fiyano da jita ba, wanda ya iya ya kawo, sai dai ya koyi ladabin kuntigi: in mai waƙa ya buɗe baki, kiɗa ya sunkuya, in ya kai ƙarshen baiti ya numfasa, kiɗa ya ɗaga kai. A kuma mai da amshi, don amshi shi ne rabon 'yan kallo, wanda ya amsa sau goma kuwa zai tafi gida da shi.

Wani abu kuma, a faɗi sunan makaɗin a gaban jama'a kamar yadda a ke faɗin na marubuci, a yanka masa ladansa tun kafin a fara. In aka bar shi ga abin da za a liƙa masa a goshi, to, zai kaɗa wa mai liƙi ne, waƙa kuwa ta nemi mai raka ta.

Saura maganar wuri. Manyan bukukuwan nan a ɗakunan taro a kan yi su, masu zuwa kuwa yawancinsu 'yan jami'a ne da baƙi daga nesa. Ga Abakwa nan cikin Kaduna ta Arewa, tsakaninta da Gidan Arewa da ke kan titin Raba ba wata tafiya ba ce, amma mutum nawa ne daga cikinta suka taɓa zama a irin wannan taro? Unguwa ce da ta tashi a gefen barikin soja, ta tara kabilu iri-iri, Musulmi da Kirista, kuma Hausa ce harshen da su ke ciniki da faɗa da sulhu da shi. A garin da aka sha raba mutane da kogi, wasu kudu wasu arewa, unguwar da har yanzu yaranta ke wasa da harshe ɗaya ta cancanci a kai mata waƙa har gida. Kuma a irin waɗannan unguwanni ne a kan sami tsohon da ya hardace Imfiraji, da tsohuwar da ta iya waƙar niƙa da ta daɓe, da mai kalangun mahauta, watau mutanen da ke riƙe da rabin nan da babu shi a littafi. Ba za su sa babbar riga su tafi ɗakin taro ba, amma in an shimfiɗa tabarma a filin makarantar firamare bayan la'asar, za su zo, kuma za su gyara wa yaro in ya karya kari, ko ba a tambaye su ba.

Abin da wannan ke bukata kaɗan ne. Hedimasta ya ba da fili da bencina. Malamin Hausa ya zaɓi yara biyar ko shida da suka rubuta nasu, ya haɗa su da makaɗi mako biyu kafin ranar, ya kuma gayyato dattijo ɗaya ya buɗe zama da rera tsohuwar waƙa ba kiɗa, don yara su ji yadda awo ke tsayawa da ƙafarsa. Ma'aikatan ƙaramar hukuma, ku kuma naku shi ne kada takardar neman izini ta kwana wata guda a kan tebur, a sanad da mai unguwa, a tashi kafin magariba. Hukumomin En'e na da, a zamanin Yaƙi da Jahilci cikin shekarun 1950, sun kai allo da alli har ƙauyukan da mota ba ta zuwa, da kuɗin da bai kai na yanzu ba.

Makarantun horad da malamai, irin ta Gidan Waya da ta Zariya, su ma muna roƙonsu kada su bar ɗalibin Hausa ya karɓi takardar shaida sai ya tsaya gaban malamansa ya rera baiti goma bisa kari biyu dabam-dabam, ya kuma nuna da yatsa inda gaɓa mai nauyi ta ke. Muryarsa ta yi daɗi ko kada ta yi, wannan ba a ba da maki a kansa.