Raddi ga Mai Cewa Kalmar "Quarantine" Daga Ibn Sina Ta Fito

Tun shekarar 2020, lokacin da korona ta rufe kasuwanni da makarantu, wata magana ta shiga bakin mutane, har yau kuwa ba ta fita ba. Ana faɗin ta a wa'azi, ana karanta ta a rediyo, kwanan baya kuma wani malami da nake ganin girmansa ya tsara ta a rubuce. Da'awarsa hawa uku ce. Ya ce kalmar Ingilishi quarantine, wadda ake furtawa kwarantin, asalinta Larabci ne: wai Ibn Sina ne ya ƙirƙiro tsare mara lafiya kwana arba'in, ya sa masa suna al-arba'iniyya, fataken birnin Banis na Italiya suka ɗauka suka fassara da harshensu. Ya ce tunda haka ne, duk tsarewar da ba ta kai kwana arba'in ba kuskure ne a kira ta da wannan suna. Sannan ya ce ma'anarta ita ce a kulle majinyaci. Malam, da dukkan girmamawa, ukun nan babu wadda ta tsaya da ƙafarta.

Mu fara da asali, don a nan ne nauyin maganar yake. Ƙa'idar da muka koya a zaure ita ce mai da'awa shi ke kawo hujja. Al-Ƙanun fiɗ Ɗibb na Ibn Sina ba ɓataccen littafi ba ne. Kashi biyar ne, an buga shi da Larabci a birnin Rum tun 1593, an sake buga shi sau da yawa bayan nan. Wanda ya ce a cikinsa aka kafa al-arba'iniyya, abin da ake nema gare shi kaɗan ne: wane kashi, wane fanni, wane fasali? Malam bai kawo ba, waɗanda ya ɗauko maganar daga gare su ma ba su kawo ba. Kalmar arba'iniyya kanta sananniya ce a Larabci, amma a wasu wurare: Sufaye na kiran halwar kwana arba'in da ita, har Suhrawardi ya yi mata babuka a Awariful Ma'arif, mutanen Sham kuma na kiran kwanakin tsananin sanyi da ita.

Akwai abin da zan sallama masa, domin gaskiya ce. Likitocin Italiya sun san Ibn Sina sani na haƙiƙa. Gerard mutumin Kiremona ya fassara Al-Ƙanun zuwa Latin a Toledo cikin ƙarni na 12, an daɗe ana karantar da shi a jami'ar Paduwa, kuma Andrea Alpago, wanda ya yi shekaru yana likitanci a ofishin jakadancin Banis da ke Dimashƙa, ya gyara fassarar, aka buga ta a Banis a 1527. Ibn Sina ya kuma yi magana a kan cututtukan da ake ɗauka daga mutum zuwa mutum, kamar tarin fuka. Wato hanya tana nan a buɗe tsakanin ɓangarorin biyu. Sai dai samuwar hanya ba ta tabbatar da cewa wani kaya ya bi ta.

Mun ma san irin kayan da suka bi ta, mun kuma san kamanninsu. Italiyanci cike yake da kalmomin Larabci na kasuwa da tashar jiragen ruwa: dogana, gidan kwastan, daga diwan, arsenale daga darus sina'a, magazzino daga makhazin, zecca, gidan buga kuɗi, daga sikka, fondaco daga funduƙ. Duba su da kyau, kowacce ta shiga da sautinta na Larabci, ɗan lanƙwasa ta kawai aka yi. Haka fatake ke aro, da kunne. Ita kuwa quarantena ba ta da ko ƙamshin arba'in a sautinta. Daga quaranta take, wato arba'in da Italiyanci, ita kuma daga quadraginta ta Latin. Malam zai ce ai fassara aka yi, ba aron sauti ba. Hakan na iya faruwa a harshe, amma sai idan masu harshen ba su da kalmar tun da farko. Su kuwa suna da ita. A Latin na tsakiyar zamani quarentena na nufin azumin kwana arba'in na Kiristoci da kwanakin tuba. Dutsen da ke kusa da Ariha, inda Kiristoci ke cewa Annabi Isa (AS) ya yi azumin kwana arba'in, mayaƙan Salibiyya sun kira shi Quarantana, Larabawa suka ara, shi ya sa har gobe sunansa Jabal Ƙuruntul. A Ingila kuma yarjejeniyar Magna Carta ta 1215 ta bai wa matar da mijinta ya rasu haƙƙin zama a gidansa kwana arba'in kafin a ware mata rabonta, lauyoyinsu suka riƙa kiran wannan haƙƙi da wannan kalma, babu ruwansa da cuta ko kaɗan.

Ga hujjar da ta fi kowace ƙarfi a wurina. Dokar farko da aka sani a rubuce ta tsare matafiya saboda annoba ba a Banis aka yi ta ba, kuma ba kwana arba'in ba ce. A Ragusa aka yi ta, wato Dubrobnik ta ƙasar Kuroshiya a yau, ranar 27 ga Yuli, 1377, shekara talatin bayan babbar annobar da ta shiga Turai a 1347. Majalisar birnin ta ce duk wanda ya fito daga ƙasar da annoba take, sai ya yi wata guda a garin Sabtat ko a tsibirin Mirkan kafin ya shigo gari. Kwana talatin, ana ce masa trentino. Ibn Sina ya rasu a Hamadan a 1037, shekara 340 kafin wannan doka. Da a ce daga littafinsa aka kwafo tsarin da sunansa da adadinsa, me zai sa a fara da talatin? Sai daga baya, cikin ƙarni na 15, wa'adin ya daidaita a kan arba'in, adadin da ke da daraja a addinin mutanen wurin, ga kuma tsohon ra'ayin likitocin Girka cewa cuta mai kaifi ba ta wuce kwana arba'in ba ta bayyana ƙarshenta ba.

Rabon Banis a labarin shi ne gini da tsari. A 1423 ta ware tsibiri guda don masu annoba, a 1468 ta ware na biyu, Lazzaretto Nuovo, don mutanen da ake zargi da kayansu. A can akwai wani dogon rumbu inda a da ake kwance dilolin auduga da siliki da fatu, 'yan dako na juya su kullum don su sha iska, ana turara su da hayaƙin ganyaye masu ƙamshi. Har yanzu rubuce-rubucen da mutanen suka yi da jan launi na nan a bangon, da alamomin fatake da sunayen tashoshin da jiragen suka fito. A cikin wannan aiki kalmar ta sami ma'anarta ta lafiya, daga nan ta bi jiragen ruwa ta shiga sauran harsuna. Har da Larabci. Daular Usmaniyya ta kafa hukumar wannan aiki a 1838, Turkawa suka ce karantina, Larabawa ma haka, akwai unguwa a Beirut mai wannan suna har yau. Tsibirin Kamaran da Ɗur Sina sun zama matsayar alhazai, kakanninmu masu zuwa Makka a ƙafa kuwa a Sawakin ake tsare su. Mai kaya ba ya aron kayansa. Daga baya ne Larabawa suka ƙera tasu, al-hajrus sihhi, kuma ba su koma ga arba'iniyya ba.

Da'awa ta biyu ta fi sauƙi. Asalin kalma daban, ma'anarta daban. Bahaushe na cewa ƙarfe biyu ko da agogon wayarsa ya duba, ba wanda ke tambayarsa ina ƙarfen da aka buga. Abin da ya kamata Malam ya sani shi ne an yi wannan gardama an gama tun fiye da shekara 360 da suka wuce. Samuel Pepys, jami'in rundunar ruwan Ingila, ya rubuta a littafin ajiyar kwanakinsa ranar 26 ga Nuwamba, 1663, cewa annoba ta yi tsanani a Amsterdam, majalisar sarki ta yi umarnin a tsare jiragen da suka fito daga can na kwana talatin. Ya lura cewa wannan ya saɓa wa asalin kalmar, nan take kuma ya ba kansa amsa: a wurin jama'a yanzu aikin take nufi, ba tsawon lokacin ba. Tun ma'anarta ta lafiya tana baƙuwa a Ingilishi ke nan adadin ya fita daga cikinta. Yau cutar ce ke yanke wa'adi, gwargwadon kwanakin da ƙwayarta ke ɓuya a jiki kafin alamu su fito: Ebola kwana 21, shawara kwana 6, korona aka fara da 14. 'Yan sama jannatin Apollo 11 sun yi kwana 21 a 1969. Birtaniya ta daɗe tana tsare karnukan da aka shigo da su wata shida saboda ciwon haukan kare. Kalmar ta ma fita daga asibiti: Shugaba Kennedy ya zaɓe ta a 1962 lokacin da ya tare jiragen da ke kai makamai Kuba, don ya kauce wa kalmar ƙawanya wadda a dokar duniya take daidai da shiga yaƙi, manhajar kare kwamfuta ma da ita take kiran wurin da ta jefa fayil ɗin da take zargi.

Wani zai ce to mene ne laifi idan an jingina wa Ibn Sina alheri? Laifin shi ne muna da na gaskiya, mai isnadi, muna barin sa. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim da ke hana shiga garin da annoba take, da hana fita daga cikinsa. Sayyidina Umar (RA) ya juya da jama'arsa daga Sarg lokacin annobar Amwas, bayan ya yi shawara da Muhajirai da Ansar, Abdurrahman bin Auf (RA) ya zo ya ƙarfafa shi da wannan hadisi. Lisanuddin Ibnul Khaɗib na Garnaɗa, wanda ya ga annobar 1348 da idonsa, ya rubuta risala yana kafa hujja da abin da aka gani cewa cutar na bin tufafi da kwanuka da jiragen da suka sauka. Irin wannan, ɗalibi zai iya ɗauka ya shiga kowace jami'a da shi kansa a sama. Idan kuwa muka ba shi labarin da babu shafi, ranar da aka tambaye shi ya rasa amsa, har na gaskiyar zai fara shakka.

Da'awa ta uku ce ta fi shafar rayuka, don haka a kula. A harshen ma'aikatan lafiya, quarantine ba ta majinyaci ba ce. Ta mutumin da yake garau ce, wanda ya yi cuɗanya da mai cuta, ana jira a ga ko zai kamu. Wanda cutar ta tabbata a jikinsa, isolation ake ce wa nasa. Tsibiran Banis guda biyu wannan bambanci ne aka gina da tubali. Mun ga amfaninsa a Legas a 2014: da wani matafiyi, Patrick Sawyer, ya sauka ranar 20 ga Yuli ɗauke da cutar Ebola, Dokta Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti, ta rasa ranta a dalilin haka, Allah ya saka mata, su kuma ɗaruruwan da suka yi hulɗa da masu cutar aka riƙa bin su gida-gida da ma'aunin zafi har kwana 21. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta fita daga annobar.

A nan aikin masu fassara da 'yan jaridarmu yake. Sau da yawa killacewa muke cewa ga duka biyun, wani lokaci har da dokar kulle, alhali abu uku ne. Ruɗanin ma yana da dalili, domin da Dokar Quarantine ta 1926 Shugaba Buhari ya dogara a ƙarshen Maris 2020 ya rufe Legas da Ogun da Abuja baki ɗaya. Shawarata ita ce a bar killacewa ga wanda ake sa wa ido, a ce keɓewa ga wanda aka tabbatar, kulle kuma ga gari. Idan mai karanta labarai ya ce an killace mutum hamsin a wata unguwa, mai sauraro ya fahimci cewa ba a ce hamsin ɗin sun kamu ba, kada maƙwabta su daina sayen ƙosan matar wanda aka killace, kada wanda ya yi cuɗanya ya ɓoye kansa don tsoron a ce masa mai cuta.