Mai Dokar Barci Ya Ɓige da Gyangyaɗi

Duk lokacin da na ji an ce majalisa ta kafa kwamitin bincike, sai watan Janairun 2012 ya faɗo mini. Ranar 1 ga wata gwamnatin Jonathan ta janye tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 140. Ƙasa ta tsaya cik. A Kano matasa sun mamaye shataletalen Silver Jubilee cikin sanyin hunturu. An rasa rayuka kafin a sauko da farashi zuwa naira 97.

Don a kwantar da hankalin jama'a, Majalisar Wakilai ta naɗa Farouk Lawan, ɗan majalisar Bagwai da Shanono, ya binciki kuɗin tallafin. Ba a zaɓe shi a banza ba. Shi ne jagoran 'yan majalisar da suka kira kansu masu gaskiya, suka tilasta wa Patricia Etteh sauka daga kujerar kakaki a 2007. Mun zauna gaban talabijin muna kallonsa yana tsare manya da tambayoyi, muna cewa namu ya samu.

Kuma rahoton ya yi nauyi. An ware naira biliyan 245 don tallafi a kasafin 2011, kwamitin ya ce abin da aka kashe ya haura tiriliyan biyu da rabi. Kamfanonin da ke cin gajiyar shigo da mai sun tashi daga biyar a 2006 zuwa 140 a 2011. Wasu sun karɓi kuɗin man da ko ɗigo bai iso ƙasar nan ba. Kwamitin ya nemi a maido da fiye da naira tiriliyan ɗaya.

Sai ga shi a watan Afrilu shugaban kwamitin da kansa ya miƙe a zauren majalisa ya nemi a cire kamfanin Zenon na Femi Otedola daga jerin waɗanda ake tuhuma, aka kuwa cire. Bayan 'yan makonni magana ta fasu: ya karɓi dala dubu 500 daga hannun Otedola, kafin alƙalami na dala miliyan uku. Otedola ya ce tarko ne suka ɗana da jami'an tsaron farin kaya. Lawan ya ce ya karɓa ne don ya tona asiri. Kotu ba ta yarda da shi ba. A 2021 aka yanke masa shekara bakwai, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa biyar, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2024.

Har yau ina jin masu cewa makirci aka ƙulla wa ɗan Arewa. To, a ce makirci ne. Wa ya kai shi gidan mutumin da yake bincika? Wa ya riƙe masa hannu ya karɓa? Wannan kariya ta "namu ne" ita ce inuwar da kowane maci amana yake fakewa a ciki, kuma mu talakawa ne muke riƙe masa lemar.

Abin da ya fi ci mini rai ba ɗaurinsa ba ne. Daga ranar da labarin dalolin ya fita, aka daina zancen tiriliyan ɗaya. Duk wanda sunansa ke cikin rahoton ya samu amsa a shirye: ai mai rahoton ma ɗan cin hanci ne. Dala dubu 500 ta wanke mutanen da ba su biya ko kwabo a ciki ba.

Kada kuma a ɗauka halin mutum ɗaya ne. Tsarin ne a karkace. Ɗan majalisar da yau yake binciken wata hukuma, jiya shi ya amince da kasafinta, gobe kuma can zai tura yaransa neman aiki da kwangila. A Yulin 2020, ana tsaka da binciken hukumar raya yankin Neja Dalta, minista Godswill Akpabio ya ce yawancin kwangilolin hukumar 'yan majalisa ake ba wa. Masu binciken ba su ce ya kawo sunaye nan take ba. Mai jagorantar zaman roƙonsa ya shiga yi ya kashe makirufo.

Lawan ya fito daga gidan yarin Kuje a watan Oktoban 2024. A wannan watan kuwa, litar mai a gidajen man NNPC na Abuja ta haura naira dubu.