Gilashin Bayan A-kori-kura Ba Ado Ba Ne

Idan gilashin bayan tsohuwar a-kori-kura mai jigilar masara daga Doguwa zuwa Tudun Wada ya fashe, akan toshe gurbin da kwali, ko a yanko gilashin tagar gida a liƙa. Duka biyun ganganci ne. Kwali yana hana direba ganin baya. Gilashin gida kuwa, da zarar buhu ya doke shi a gargadar hanyar Falgore, sai ya tsattsage kamar wuƙaƙe, daidai ƙeyar direba. Na mota gasa shi ake yi domin ya marmashe kamar tsakuwa. Gara mai mota ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano, ya sayo na asali ko da na hannu ne, ya sauya har robar da ke riƙe shi. Kuɗin gilashi bai kai na jinya ba.