GOBARAU TA RAGE ITA KAƊAI, GANUWA TANA TAFIYA: INA MATASAN MUSULMI?

 

Duk ɗan uwan da ya fito daga masallaci ranar Juma'a a birnin Katsina, in ya sami hali, ya daure ya karkata ta unguwar Gobarau, ya tsaya gindin hasumiyar nan ta ƙasa ya ɗaga kai. Zai ga gini na tubali da yaɓe mai tsayin kamar ƙafa 50, hawa bisa hawa, yana tsukewa har ƙololuwa. Wannan shi ne kawai abin da ya rage na tsohon masallacin Juma'ar Katsina. In ya gama kallo, ya taka zuwa kowace ƙofa ta gari ya nemi ganuwa. A wurare da dama ba zai tarar da komai ba sai ɗan tudun jar ƙasa a maƙale tsakanin gidajen bulo, a wani wurin ma tudun babu, sai jerin shaguna.

Masu tarihi suna danganta ginin Gobarau da zamanin Sarki Muhammadu Korau, wanda ake lissafa shi a matsayin Musulmin farko a gadon sarautar Katsina. Suna kuma ambaton Shehu Muhammadu bin Abdulkarim Almaghili, malamin nan na ƙasar Tuwat da ya zauna a Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15. A wancan lokacin masallaci shi ne makaranta, nan ake karatun fiƙihu da nahawu da hadisi, daga saman hasumiya ladan yake kiran salla, daga nan kuma masu tsaro suke hango ƙurar mahara tun daga nesa. Garin da ya gina Gobarau shi ne ya fitar da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Shi ne ya fitar da Malam Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya yi karatu ya yi rubutu har ajali ya same shi a Alƙahira a 1741. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya iso Katsina a 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwar garin da mil 13 zuwa 14. Allahu Akbar! Da hannu da kwando kakanni suka tara wannan ƙasa, ba katafila, ba tifa.

To me ya ci masallacin har ya bar hasumiya ita kaɗai? Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, da Malam Ummarun Dallaje ya karɓi garin, an mayar da sallar Juma'a sabon masallaci kusa da fada. Ginin ƙasa kuwa rayuwarsa yaɓe ce. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an toshe tsaga, an gyara indararo, an shafe shi da makuba. Ranar da aka daina shiga gini, ranar damina take fara rabonta. Haka masallacin ya zube a hankali. Ita ma hasumiyar da ta bi shi, ba don an yi mata gyara a zamanin Sarki Muhammadu Dikko ba, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Darasin a fili yake: sakaci kaɗai ya isa ya rusa abin da maƙiyi bai iya rusawa ba.

Abin da ke cin ganuwa a yau ya fi damina sauri. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 garin ya zama hedikwata, fili ya yi daraja, kowane taku ya zama kuɗi. Wani ya zo da jaki ko baro ya ɗebi ƙasar ganuwa ya buga tubali. Wani ya jingina katangarsa da ita, baɗi ya ci taku biyu, baɗin baɗaɗa ya kafa ɗaki a kai. Wani ya mai da gindinta juji. Na ƙarshe kuma, wanda ya fi su duka ɓarna, shi ne mai kuɗin da zai zo da takarda a hannu ya ce an yanka masa fuloti, ya kawo katafila ta share a wuni guda abin da aka shekara ɗaruruwa ana tattali, ya dasa shaguna ya sa haya. Ƙofofin da kowane yaro ya haddace, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, Ƙofar 'Yanɗaka, sunayensu na nan a bakin 'yan mota da masu Keke, amma ganuwar da ta haɗa su tana ƙarewa. Ƙofa kuwa in ba ganuwa, me take rufewa?

Wannan ciwo bai tsaya a Katsina ba. A Kano an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 saboda faɗaɗa titi, ganuwar Kano kuma kowa ya ga yadda gine-gine suka haye ta. A Makka kanta, a 2002, an rushe tsohon sansanin Ajyad na zamanin Daular Usmaniyya, aka baje dutsen da yake kai, aka kafa dogayen otal-otal masu leƙa Ɗakin Allah daga sama. Ranar 6 ga Disamba 1992, da 'yan ta'addan Hindu suka rushe Masallacin Babri a Indiya, Musulmin duniya sun yi kuka, kuma sun yi daidai. To amma abin tambaya, in kafiri ya rushe da gatari ana kuka, me ya sa in Musulmi ya rushe da takardar fuloti ake shiru?

Akwai 'yan uwa masu kyakkyawar niyya da za su ce, wannan duk ƙasa ce, Musulunci bai zo don girmama tubali ba, kuma ana tsoron kada abin ya kai ga shirka. Amsa ita ce, Gobarau masallaci ce, an gina ta don a kira sunan Allah Shi kaɗai, ba wanda ya ce a yi mata ɗawafi ko a roƙe ta. Alƙur'ani a wurare da dama ya kwaɗaitar da bayi su yi tafiya a bayan ƙasa su dubi kufan waɗanda suka gabata don su wa'aztu. In an share kufai, ina za a duba? Bayan haka ginin nan hujja ce. Turawan mulkin mallaka da suka shigo Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka a 1903 sun zo da da'awar cewa su ne suka kawo wayewa, kuma har yau akwai ɗan bokon da yake zaton ilimi ya fara ne a garin nan ranar da aka buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920. Irin wannan ba a buƙatar dogon musu da shi. A kama hannunsa a kai shi gindin Gobarau, a ce masa ga inda ake karatu shekaru ɗaruruwa kafin Lugga ya san hanyar ƙasar Hausa. Ranar da hasumiyar ta faɗi, wannan hujjar ta koma labari, labari kuwa kowa na iya ƙaryata shi.

Wasu kuma za su ce, jama'a ta yi yawa, ana buƙatar hanya da muhalli. Gaskiya ne, ba mai hankalin da zai ce mara lafiya ya mutu a cunkoso saboda ganuwa. Sai dai titi ana iya karkata shi, unguwa ana iya yanka ta a bayan gari, daji bai ƙare ba. Kuma a duba da kyau, wa ke cin moriyar filayen da ake yankawa a jikin ganuwa? Talakan da ke haya a ɗaki ɗaya da 'ya'ya bakwai ba shi ake ba ba. Dukiyar al'umma ce, wadda kakannin kowa suka yi wa gumi, take komawa aljihun mutum ɗaya. Wannan sunansa zalunci ko da an buga masa hatimi. Tuni aka sa Gobarau cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta ce a kare, amma doka a takarda ba ta taɓa toshe tsaga ba.

Maƙwabta sun nuna abin mai yiwuwa ne. A Agadas ta Jamhuriyar Nijar hasumiyar masallacinsu ta ƙasa, mai tsayin mita 27, tana tsaye ana salla a gindinta, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. A Jenne ta ƙasar Mali duk shekara gari ke fitowa kwansa da kwarkwata, samari na cuɗa ƙasa, mata na kawo ruwa, magina na bisa, a yaɓe babban masallaci cikin ɗan lokaci. Aikin gayya ne, irin wanda Bahaushe ya sani tun fil azal.

Saboda haka nauyi yana kan matasan Musulmi, don su ne masu ƙarfi, su ne kuma za su gaji garin. Na farko, su san tarihin. Malaman Islamiyyu su riƙa kai ɗalibai Gobarau da gidan tarihin da ke tsohon ginin Kwaleji, a zauna a yi musu bayani. Na biyu, 'yan uwan kowace unguwa su san guntun ganuwar da ya rage kusa da su, su share jujin da ke gindinsa, su yi wa masu ɗibar ƙasa nasiha da lalama. Na uku, in an ga an fara kafa turaku ko sauke bulo a jikin ganuwa, kada a tsaya gunaguni a majalisa. A haɗu da dattawa da limamin unguwa a je wurin mai unguwa da hakimi, a rubuta wa hukumar kula da kayan tarihi, a yi cikin tsari da natsuwa, ba zagi ba jifa. Na huɗu, tsofaffin maginan da suka san sirrin tubali da azara da makuba suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Saurayin da ya durƙusa gabansu ya koyi wannan sana'a ya yi wa addini da gari hidima, ya kuma sami abin yi.

Masu magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Masallacin Gobarau ya tafi ne saboda an bar shi. Hasumiyar tana nan, guntayen ganuwa suna nan, damina kuma tana tafe kamar yadda ta saba.

Allah Ya jiƙan magabatan da suka gina, Ya ba matasa ikon riƙe amana.